Wuri ko Zinariya? Gardamar 'Yan Wasan Tabarma na Jos kan Kuɗin Birnin Kuza

Madugu:
Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya faru ranar Asabar ne ya hana ni sakat, shi ya sa na kawo shi nan don waɗanda ba su samu zuwa ba su ma su sa baki.

Saboda sababbin da aka shigo da su zauren nan: wasan namu na baki ne. Mukan zauna kan tabarma a zauren gidanmu a Gangare, kowa da takardar jaruminsa. Ni ke ba da labari ina riƙe da duniyar, su kuma suna faɗin abin da jarumansu za su yi. Inda aka yi shakka sai a jefa dayis mai fuska 20 ya raba gardama. Dokokin Dungeons & Dragons muke bi, bugu na biyar na 2014, amma duniyar tamu ce. Birnin Kuza sunanta, gari mai ganuwa a kan tsauni, da sanyi irin namu na Disamba.

To, ranar Asabar suka kashe dodon kogo bayan mako uku suna bin sawunsa. Na ba su taskarsa, tsabar zinariya 3,000. Suka gangaro ƙauyen gindin dutse da yunwa, Auta ta ce jarumarta za ta sayi fura. Na buɗe baki zan yi muryar mai fura, maganar ta maƙale. Nawa ne furar? Wa ke da canjin zinariya a ƙauye mai bukka ashirin? A littafin dokokin wasan, lebura yana samun azurfa 2 a yini, azurfa 10 ce zinariya 1. Ke nan abin da suka ɗauko gumin lebura ne na kwana 15,000, sama da shekara 40. Akuya zinariya 1 ce, kaza tagulla 2. Za su iya saye ƙauyen kaf har da kajinsa, kuma wai duk a jakar baya suka saɓo shi.

Shawarata a soke tagulla da azurfa da zinariyar nan, Birnin Kuza ya koma cin kasuwa da wuri kamar kakanninmu. Me kuka gani?

Akanta:
Wa alaikumus salam. Yaya Madugu, ban goyi baya ba. Duk mako ina fama da lissafi a ofis, ranar Asabar na zo ne in huta in sari dodo. Tsarin littafin goma-goma ne: tagulla 10 azurfa 1, azurfa 10 zinariya 1. Ko yaron firamare zai riƙe. Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka ake lissafi da tsabar zinariya, duniya ba ta tsaya ba. In aka koma wuri, rabin lokacinmu zai tafi wajen ƙirga dubbai. In taskar ce ta yi yawa, rage ta za ka yi nan gaba. Ba a rushe ɗaki don ƙofa ta yi ƙaranci.

Auta:
Ni dai har yanzu ban sha furata ba.

Mai Zane:
Ni tawa damuwar daban ce. Kwana huɗu na yi ina zana tsabar kuɗin birnin, fuska da baya. Na sa dagi a tsakiya, na kewaye shi da ganuwa mai ƙofa bakwai. In wuri za a yi, me zan zana? Wuri ai wuri ne, Allah ya riga ya gama zana shi.

Malamin Tarihi:
Barkanku da dare. Ƙanena Akanta, bari in fara da kai. Kalmar da kake aiki da ita kullum a ofis, kuɗi, jam'in wuri ce. Wuri ɗaya, kuɗi da yawa. Bahaushe bai ari wannan tsari jiya ba, a cikinsa harshensa ya girma. Kuma lissafinsa ba shi da wuyar da kake tsoro. Biyar-biyar ake jan shi a ƙasa da yatsu, ana tara shi tsibi-tsibi. Ashirin hauya ce, ɗari zangu, in an shiga dubbai a ce zambar kaza. Dubu 20 kuma keso ne, wato buhun tabarma guda da aka ɗinke.

Abin mamakin shi ne wurin nan ba a ƙasarmu ake samunsa ba. Kwanson wata 'yar dabbar teku ce, mafi kyawunsa daga tsibiran Maldif na tekun Indiya. Ya ratso teku da hamada kafin ya faɗo tafin hannun mai ƙosai a Kano. Wannan nisa ne ya ba shi daraja: ba wanda zai shiga daji ya tsinto shi, maƙeri kuma ba ya iya ƙera na jabu. Ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa.

Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya rubuta cewa dalar azurfa guda tana canjin wuri 2,500. Ya kuma yi kukan wahalar ƙirga, domin a ƙasar Hausa ba a shirya wurin a zare yadda ake yi a bakin teku, sai an ƙirga shi a warwatse. Ku lissafa, keso guda dala 8 ne kacal. Wuri ɗaya ya ɗan haura giram ɗaya, don haka keso ya fi kilo 20, kayan mutum guda a ka. Madugu, abin da kake nema ke nan. Dukiya ta yi nauyi, ta nemi ɗan dako, ta nemi jaki, ta nemi mai gadi.

Akanta:
Malam, na karɓi karatu, amma hujjata ka ƙarfafa. Wanda ya gani da idonsa ma kuka ya yi da ƙirgar. Kuma zinariyar littafin tana da nauyi, tsaba 50 laba ɗaya ce. Taskarmu laba 60 ke nan, wajen kilo 27. Yaya Madugu ne bai taɓa tambayarmu wa ya ɗauka ba.

Madugu:
Gaskiyarka, wannan sakacina ne. Amma kilo 27 ai mutum ɗaya ya saɓa ya wuce. Ni so nake arziki ya zo da wahalarsa.

Mai POS na Faringada:
Ku ba ni dama in faɗi abin da na gani da idona, ba a littafi ba. Farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, takardar kuɗi ta ɓace. Ina zaune a rumfata wani dattijo ya zo da kwandunan tumatir daga ƙauye, ya sayar, aka tura masa kuɗin ta waya. Asusunsa cike, amma har la'asar bai ci komai ba, domin mai abinci ta ce ita sai ta ga kuɗi a hannu. Ya nuna mini saƙon banki, hannunsa na rawa. Ƙarshe albasa ya karɓa wajen wani abokinsa ya kai wa mai abincin, ta zuba masa tuwo.

Wannan dattijo shi ne jarumanku a ƙauyen nan. Kuɗin da mai fura ba za ta karɓa ba, a gabanta ba kuɗi ba ne. Ni da zan ba da shawara, kada a soke zinariyar. A bar ta, amma ta zama ba ta cin kasuwa sai an kai ta birni wajen mai canji, ya goga ta, ya ɗora a ma'auni, ya cire ladarsa. Ku sa irina a cikin wasan. Mai canji ya san wanda ya yi arziki jiya da wanda ya karye yau. Duk wanda ke neman labarin gari, rumfarsa zai fara zuwa.

Auta:
Wannan ya yi! Ke nan duk wanda ya kai zinariyar dodo canji, kafin magariba sarki ya ji.

Malamin Tarihi:
Haka kuwa aka yi a da. Zinariya da miskali ake auna ta, giram huɗu da 'yan kai, kuma harkar manyan fatake ce da fada. Dalar azurfar da na ambata, akwai mai hoton sarauniyar Ostiriya Mariya Tariza, wadda duk shekarar da aka buga ta 1780 ake rubutawa a jiki, domin 'yan kasuwa ba sa yarda da wata. Da yawa ma maƙeran farfaru narkar da ita suke su yi awarwaro da zobba. A Barno kuma an ci kasuwa da gabaga, ƙyallen saƙar auduga. Kantun gishirin Bilma shi ma ana musaya da shi. Kasuwa ɗaya, kuɗi iri uku ko huɗu, kowanne da matsayinsa.

Baban Gangare:
Yara, jikata ce ta sa ni cikin wannan zaure, ina karanta ku ba na magana. Yau zan yi.

Ni ban tarar da wuri yana cin kasuwa ba, sai dai a jikin ƙwarya da wuyan 'yan dambe. Amma na yi aike da kwabo mai huda. Kwabo 12 sule, sule 20 fam. Taro kwabo uku, sisi kwabo shida. Rabin kwabo kuma ɗari muke ce masa, daga baya na gane sunan daga ƙirgar wuri ya samo asali. Anini guda goma ne kwabo ɗaya, shi a gwangwanin kakata na gan shi, ɗan ƙarami da huda da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a jiki. Shi ya sa har yau ake cewa ba ni da ko anini.

Mahaifina lebura ne a haƙar kuza, kwano yake ɗauka a ka daga rami. In an biya su, mahaifiyata takan zura kwabban a zare ta ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane. In za ta aike ni sayen manja sai ta juya baya ta kwance, ta zaro biyu, ta ba ni da ɗumin jikinta. Ɗana Mai Zane, ka ce ba ka da abin zanawa. Zana wannan.

Da naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kwabo goma. Tsofaffi sun daɗe suna lissafi da fam a ka, suna biya da naira a hannu.

Tambaya ɗaya: abin nan da kuke jefawa, ba caca a ciki ko?

Madugu:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ba a sa ko sisi, ba mai ci ba wanda ake ci, duka 'yan wasan gefe ɗaya suke. Akwai ɗaya daga cikinmu da zuciyarsa ba ta kwanta da dayis ba, shi lambobi muka rubuta masa a takardu yana zara daga cikin hula.

Baban Gangare:
To madalla. Ku ci gaba.

Mai Zane:
Baba, na gode, wallahi ka buɗe mini ido. Tun da na karanta saƙonka na fito da kuɗin aljihuna na shimfiɗa a kan tebur. Bayan naira 20 Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. Bayan naira 10 matan Fulani ne da ƙoren nono a ka. Tsohuwar tsabar kwabo 25 dalar gyaɗa ce a jiki. Ashe ƙasa abin da take ci da shi take bugawa a kuɗinta, ni kuma na tsaya zana ganuwa.

Zan faɗa muku gaskiya kan sauran zanen ma. Hoton kasuwar da na fara yi, da na dube shi da kyau sai na ga ba tamu ba ce. Gidajen katako masu rufi mai tsini, da mashaya mai allo a rataye, abin da idona ya saba gani a hotunan wasan ke nan, hannuna ya bi shi ban sani ba. Na gwada manhajar da ke ƙirƙiro hoto, ita kuma ta ba ni yashi da raƙuma da fitilar aljani. Sai na ɗauki littafin zanena na tafi gidan tarihi. Can baya, inda aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, akwai ganuwar Kano da masallacin Zariya. Na zauna ƙarƙashin bakan gizon nan na ƙasa da azara, na ga yadda suke tasowa daga ginshiƙi su haɗu a sama, haske na shigowa kaɗan-kaɗan. Awa uku na yi ban tashi ba. Fadar Birnin Kuza daga nan za ta fito, da zankwaye a saman soro.

Malamin Tarihi:
Ka je inda ya dace. Ainihin masallacin na Zariya aikin Babban Gwani Mika'ilu ne, wajejen shekarun 1830. Shi kuma gidan tarihin Jos an buɗe shi a 1952 ta ƙoƙarin Bernard Fagg, kuma haƙar kuza ce sanadinsa. A wajen haƙa aka fara tono gumakan yumɓu na Nok a 1928. Wani kan gunki da aka samu a yankin Jama'a ma, sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin a gane darajarsa. In ka koma ka dubi idanunsu, masu kusurwa uku da huda a tsakiya. Kogon dodonku irin waɗannan ya kamata a tarar a ciki, na mutanen da suka riga birnin zama.

Anti Mai Ɗinki:
Tun da an zo kan zane, ni ma ina da ƙorafi, ɗana Mai Zane. Auta ta nuna mini hoton jarumarta. Ka sa mata faranti na ƙarfe a ƙirji, hannuwa a waje. A garin da kuka ce sanyinsa irin na Jos ne? Kai da kanka ka fita Rikkos da asuba a watan Janairu da wannan shiga, ka dawo ka ba ni labari. Ai muna da lifidi, auduga ce ake cusawa a ɗinke ta layi-layi, mahayi ya sa, dokinsa ya sa, tana tare kibiya tana tare sanyi. Mai hali ya ƙara da sulke a ciki da kwalkwali a ka. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya ga 'yan lifida.

Sannan maganar kuɗi da kuke ta yi, duk ta maza ce. Ku shiga ɗakin mace ku ga banki. Jeren kwalla da tasoshi, awarwaron azurfa, zannuwan da ke ƙasan adaka, akuyar da ke ɗaure a bayan ɗaki. Ranar da ciwo ya zo, su ake fitarwa. Ga adashi, wanda har gobe muna yi. Mai furar nan da kuka raina, in an bincika tana bin rabin ƙauyen bashi, kuma ta san ranar da kowa zai biya.

Riga ma dukiya ce. Babbar riga ta saƙi mai aska takwas, aikin hannu da zaren tsamiya, watanni ake yi ana ɗinkinta. Ana jinginar da ita, ana gadonta, sarki yana tuɓe ta ya ba wanda ya yi bajinta. In jarumanku sun ceci gari, kada ku ba su jakar tsaba. A tuɓe musu riga a gaban jama'a, a ga mai ƙarfin halin sayar da ita.

Auta:
Anti, ki faɗa masa! Ni lifidi nake so, ja da baƙi. Kuma a ɗaura mata rawani ɗan Kura mai sheƙi, irin wanda ke barin shuɗi a goshi.

Mai Zane:
Na karɓi gyara, Anti. Zan kawo miki sabon kafin in sa launi. Ki taimaka mini da hoton aska takwas na kusa, ina so in ga yadda zaren ke kwanciya a bakin aljihu.

Akanta:
Kun ga abin da nake gudu ko? Daga kuɗi iri uku mun koma wuri, dala, miskali, gishiri, riga, akuya. Wa zai riƙe wannan a takarda? Ni ba ƙin al'adarmu nake ba. Amma wasa sai da gudu. In Yaya Madugu zai tsaya cinikin kowace ƙwarya, dare zai yi ba mu fita ƙofar gari ba.

Ɗan Bukur:
Akanta yana da gaskiya a nan, a yi abin da zai tafi da sauri. Amma ni akwai abin da ya fi wannan damuna. Yaya Madugu, a taswirarka duk mutanen kirki suna cikin ganuwa, kan duwatsu kuma dodanni ne da 'yan fashi. Ni kakannina mutanen kan dutse ne. Duwatsun nan su suka tsare su daga mahara masu kama bayi. Suna noman acca, suna narka ƙarfe, suna da dawakinsu ƙanana, suna da dokarsu. In za a gyara kuɗi, a gyara wannan ma. A sa garuruwa a kan dutse masu shingen ƙerana, waɗanda wuri bai dame su ba, sai dai ka zo da gishiri ko fartanya ko akuya a yi musaya.

Malamin Tarihi:
Ka taɓo inda nake ta kewayawa. Tun da wuri ba ya ɗaukuwa da yawa, manyan biya a wancan zamani da doki ake yi, da tufafi, da kuma bayi. Mutum ya zama kuɗi mai tafiya da ƙafarsa. Wannan yana cikin tarihin, bai kamata mu ɗauki kyan wuri mu rufe ido kan wannan ba.

Madugu:
Ɗan'uwa, ka yi haƙuri. Taswirar na kwaikwayo ta daga yadda aka saba, ban tsaya na yi tunanin wa ke zaune a kan dutsen ba, alhali daga ƙofar gidanmu ina hango duwatsun Shere. Zan sake ta, kuma kai nake so ka tsara garuruwan. Batun bayi kuwa, ba za a rubuta farashin ɗan Adam a takardar kowa ba a tabarmata. Mahara za su kasance a duniyar, amma su ne abokan gaba.

Ɗan Bukur:
Na gode, Yaya. Zan zauna da kakata ranar Lahadi bayan coci in tambaye ta yadda ake gina rumbu da yadda ake bikin farauta.

Malamin Tarihi:
Ga kyauta kuma ga Mai Zane da Akanta a tare. Tun kafin Turawa su zo, mutanen Riruwai suna narka kuza su zuba ta sirara-sirara kamar tsinken ciyawa, fatake su saya su kai wa maƙera. Haja ce a lokacin, amma ku duniyarku taku ce. Ku mai da sandar kuza kuɗin birnin, sarki ya buga hatiminsa a kai. Sanda ɗaya zangu, wuri 100. Mai Zane ya samu inda zai sa daginsa, Akanta ya samu lissafi mai sifiri biyu.

Kuma in kuna neman labarin da ya fi dodo ban tsoro, ga shi. A tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani wurin mai araha daga Zanzibar, jirgi bayan jirgi. Ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma, darajarsa ta zube, har ta kai a wasu wurare ladan ɗan dako ya kusa cinye abin da ya ɗauko. Wanda ya binne tukunyar wuri don tsufansa ya tono ta ya tarar ta rage daraja. Ba a zare takobi ko ɗaya ba.

Mai POS na Faringada:
Wannan labarin ai ba sai an yi mana bayani ba, kowa ya san abin da mudun shinkafa ya yi a 'yan shekarun nan. Madugu, sa shi a wasan. Wani yana zuba wuri a kasuwa daga inda ba a sani ba, mudun gero ya ninka, jarumai su bi sawu.

Akanta:
To, zan sauko, amma da sharaɗi. Layi uku kawai a takarda: wuri, sandar kuza, dala. Sauran duka, riga da gishiri da akuya, a rubuta su a layin kaya. Kuma dala ta zama wuri 2,000, sanda 20 cif, keso ya zama dala 10. Wannan 2,500 ɗin ba ya rabuwa da daɗi. Sharaɗi na biyu, cefanen yau da kullum a yanke shi a mako, kada a yi cinikin kowane ƙosai.

Malamin Tarihi:
Ni 2,500 na fi so, don ita ce aka gani a Kano. Amma canjin bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, yana hawa yana sauka daga gari zuwa gari. Ku ɗauki 2,000 a birni, ya ƙaru in an yi nisa.

Akanta:
Malam, ka dawo da abin da na kora ta ƙofa, ka shigo da shi ta taga.

Anti Mai Ɗinki:
Ku bar shi ya hau ya sauka, haka kasuwa take. Ni ina da wuri kusan cikin gwangwanin madara biyu da nake ado da shi a jikin jaka. Zan ba Auta ta kawo muku, ku riƙa zubawa a tabarma kuna ja biyar-biyar. A dawo mini da abina cif.

Madugu:
Allah ya saka, Anti. Ga abin da na rubuta. Layi uku kamar yadda Akanta ya nema. Dala 2,000 a cikin ganuwa, a waje kuma sai yadda mai canji ya ce, wannan na bar wa kaina. Lebura wuri 100 a yini, sanda ɗaya ke nan. Cefane a mako, sai dai in cinikin yana da labari a cikinsa. Masauki ba mashaya ba ne, zauren fatoma ne, shi ke ajiye kayan baƙo, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in an yi rigima.

Akanta:
Taskarmu fa? Kada a ce an yi canjin kuɗi ta bi ruwa.

Madugu:
Ba a taɓa muku ko wuri ɗaya ba. Kwana 15,000 na lebura, sau 100, wuri 1,500,000. Keso 75 ke nan, jibge a cikin kogo inda kuka kashe dodon, domin yanzu ba ta shiga jakar baya. Jaki yana ɗaukar keso biyu.

Auta:
Jaki 38! Yaya, kuma hanyar kogon nan mutum ɗaya take ɗauka. Furata fa, nawa?

Madugu:
Wuri 5, da nono 8. Ki cika aljihu kafin ki gangaro. Asabar bayan la'asar in Allah ya kai mu, Mai Zane ya zo da hoton mai furar, Ɗan Bukur ya zo da sunayen garuruwansa. Sauran ku kwana da tunanin inda za ku samo jakuna, domin a ƙauyen guda huɗu ne, biyu kuma na mai furar ne.